Farin da Na Gani a Idon Autanmu

'Yan uwana mata, musamman ku 'yan mata da ɗalibai ma'abota wannan fili. Na san kun saba in kun buɗo nan ku tarar da labarin masoya ko sirrin girki, to yau ku yi mini haƙuri, labarin ƙanena na kawo maku, autan gidanmu, ko da yake ita ma soyayyar ta ɗan leƙo daga ƙarshe. Na daɗe ina juya maganar a raina, amma duk ranar da na ga yarinya a layinmu da goyon ƙaninta sai in ji ba ni da hujjar yin shiru. Ku ne 'yan raino, ku kuke yi wa yaran nan wanka da wasa, babu mai kallon ƙwayar idonsu kusa da kusa kamar ku.

A daren kamun Yayata abin ya fara. Lokacin Auta yana da shekara ɗaya da wata takwas, an sa masa 'yar shadda da hula, mata sai ɗaukarsa suke yi. Na ɗauke shi hoto da wayata, wutar kyamarar ta haska. Da na duba sai na ga idonsa na dama ya yi ja-ja kamar yadda ido kan yi a hoton dare, na hagun kuwa tsakiyarsa fari fat, tamkar idon kyanwa in fitilar mota ta haske ta. Wallahi dariya na yi, har na nuna wa ƙawayena muna cewa Auta ya zama mage.

Bayan biki da kamar mako biyu, wata magariba babu wuta, na haska tocila zan ba shi tuwo, sai na sake ganin farin nan ya ƙyalla ya ɓace. Gabana ya faɗi. Na ce, "Umma, kin kuwa lura da idon Auta na hagu?" Ta juya shi ta duba, ba ta ga komai ba, ta ce, "Ke dai kin fiye sa ido. Yaro lafiyarsa ƙalau, yana ci yana wasa." Kakarmu Hajiya da ta ji sai ta ce bakin mutane ne, ai an yi ta yabon yaron a wurin biki, a dinga sa masa kwalli safe da yamma. Daga baya aka karɓo maganin ɗigawa a kemis. Haka muka ci wata huɗu cur, kuma ban ga laifin kowa ba, domin idon ba ya ciwo, ba ya ruwa, ba ya ja. Rashin sani ai ya fi dare duhu.

Sai da idon ya fara karkacewa, ya koma harara-garke, yaro kuma ya riƙa karo da ƙyauren ɗaki ta ɓangaren hagu, sannan hankalina ya ƙi kwanciya. Na kai wa malamarmu ta ilimin halittu hoton nan na daren kamu. Tana gani fuskarta ta sauya, ta ce, "'Yata, gobe-goben nan ku kai shi wurin likitan ido. Kada ku koma kemis." Ita ce har gida ta zo ta yi wa Baba magana, Allah ya saka mata da alheri.

Abin da likita ya faɗa

A asibitin ido aka ɗiga masa magani tsakiyar baƙin idon ta buɗe, likita ya leƙa ciki da fitila, sannan aka yi masa sikanin, irin dai wanda ake yi wa masu ciki, amma a kan fatar ido. Likitan ya zaunar da mu ya ce akwai ƙari a cikin idon, kuma alamu sun nuna ciwon daji ne da ake kira retinobilastoma, wanda yake tsirowa a tantanin gani da ke shimfiɗe a can bayan ƙwayar ido. Farin da nake gani a hoto shi ne ƙarin, hasken kyamara ke dukansa ya dawo. Umma ta ɗora hannu a ka ta ce, "Na shiga uku! Daji a idon yaro?"

Ashe ciwon na yara ne, kusan duk masu shi ba su kai shekara 5 ba. Yana kama kamar jariri 1 cikin 15,000 zuwa 20,000 da ake haifa, wato yara wajen 8,000 a duniya duk shekara. Wani babban bincike na ƙasa da ƙasa da aka fitar a 2022 ya nuna cewa a ƙasashe masu arziki fiye da 99 cikin 100 na yaran suna nan da rai shekara 3 bayan an gano ciwon, a ƙasashe mafiya talauci kuwa kimanin 57 ne kacal. Ciwo ɗaya ne, babban abin da ya raba su shi ne su can da wuri suke zuwa asibiti, mu kuwa sai ido ya kumbura ya fito waje.

Likitan ya ce ba a soka allura a irin wannan ƙari don a ɗebo a gwada, domin ta wannan ƙofar dajin zai iya fita daga ido ya bazu. Saboda haka kafin ya yanke shawarar magani sai an yi wa Auta hoton maganaɗisu, wanda su likitoci ke kira Em-Ar-Ai. Tambaya uku yake son hoton ya amsa masa. Ta farko, ko ƙarin ya shiga jijiyar gani, wadda ta tashi daga bayan ido ta nufi ƙwaƙwalwa. Ta biyu, ko ya fasa bangon ƙwayar ido ya shiga kwarmin ido. Ta uku, ko akwai wani ƙarin a tsakiyar ƙwaƙwalwa, domin 'yan kaɗan daga cikin yaran nan yakan fito masu a can ma. Fitilar likita tana ganin cikin ido ne kawai, abin da ke bayansa sai na'ura.

Kuɗin hoton ba kaɗan ba ne, ga shi Baba bai daɗe da aurar da Yaya ba, aljihu ya bushe. A lokacin an riga an kawo kuɗin gaisuwata, kuma Umma ta yi shekaru tana adashi ta saya mini 'yan kunne da sarƙa na zinariya. Da dare na ɗauko su na ajiye a gaban Baba. Ya daɗe yana kallonsu, sannan ya ce, "Uwata, na aurenki ne fa." Na ce, "Baba, zinariya tana kasuwa, Auta kuwa guda ɗaya ne." Bai ƙara cewa komai ba, washegari ya kai su kasuwa.

Wace irin na'ura ce wannan?

'Yar uwa, tun da ni ma da farko tsoronta nake ji, bari in yi miki bayaninta yadda na fahimta. Ƙaton mayen ƙarfe ne aka gina shi kamar bututu, da ɗan siririn gado da yake shiga ciki da mutum. Yawancin waɗanda ake amfani da su a asibitoci ƙarfinsu tesila 1.5 ne ko 3. Mai tesila 1.5 ɗin ya ninka maganaɗisun ƙasa, wanda ke juya allurar kamfas, kamar sau 30,000.

Kin san jikin ɗan Adam yawancinsa ruwa ne, a cikin ruwa kuma akwai sinadarin haidurojin. In mutum ya shiga bututun sai maganaɗisun ya jera ƙwayoyin haidurojin ɗin nan su fuskanci wuri ɗaya, kamar ɗalibai a layin asambili. Daga nan na'urar ta aika da igiyar rediyo ta ture su, in ta ɗauke sai su koma layi, a wajen komawar ne suke fitar da wani ɗan sigina da na'urar ke kamawa. Na cikin kitse saurin komawarsu daban, na cikin tsoka daban, na jijiya daban, na ƙari daban, shi ya sa kowanne ke fitowa da nasa hasken ko duhun. Kwamfuta ce ke haɗa wannan ta fitar da hoto falle-falle, kamar an yanka albasa siriri-siriri ana duba kowane yanki. Wani masani ɗan Amurka, Paul Lauterbur, shi ya nuna hanyar fitar da hoto ta haka a 1973, Peter Mansfield na Jami'ar Nottingham a Ingila ya inganta ta ya ƙara mata sauri, aka ba su kyautar Nobel tare a 2003.

Na tambayi likita me ya sa ba za a yi ɗayan hoton ba, wato Si-Ti, tun da ya fi araha kuma minti kaɗan ne. Ya ce shi Si-Ti da hasken eksire yake aiki, kuma wasu daga cikin yara masu wannan ciwo an haife su da rauni a ƙwayar halittarsu, wanda ke sa hasken eksire ya ƙara masu haɗarin kamuwa da wani dajin in sun girma. Hoton maganaɗisu babu wannan haske a cikinsa ko kaɗan, sannan ya fi fitar da jijiya da nama mai laushi ƙarara. Shi ma Si-Ti ɗin da ranarsa, kamar in ƙashin kwarmin ido ya karye, ko ana zargin ƙarfe ya shiga ido, ko ana cikin gaggawa.

Ranar ɗaukar hoton

Aikin yakan ɗauki rabin sa'a zuwa sa'a guda, kuma ko ƙwayar ido ce ta motsa hoton ya ɓaci. Yaro kamar Auta ina zai iya? Dole sai an yi masa allurar barci. Don haka aka ce kada ya ci abinci tun sa'a 6 kafin lokacin, nono sa'a 4, ruwa zalla sa'a 2. Da asuba ya dinga kukan yunwa, na shiga kicin na tarar Umma ta dama koko za ta ba shi a ɓoye. Na riƙe hannunta na ce, "Don Allah Umma ki yi haƙuri, nas ta ce in da abinci a cikinsa zai iya amai yana barci ya shige masa huhu." Ta ajiye kofin tana hawaye. Ki riƙe wannan, 'yar uwa, tausayin minti biyar kan iya jawo nadamar har abada, kuma in an kuskure an ba yaro wani abu a faɗa wa ma'aikata gaskiya, ɗage lokacin kawai za su yi.

A bakin ɗakin wata nas ta tare mu da takardar tambayoyi. An taɓa yi masa tiyata? Akwai wani ƙarfe ko na'ura a jikinsa? Wani abu ya taɓa faɗa masa a ido? Ta sa aka cire masa laya da guru da rigar da ke da maɓallin ƙarfe, sannan ta sa na wanke masa kwallin Hajiya tas, ta ce kayan kwalliyar ido kan ƙunshi burbushin ƙarfe da ke ɓata hoto daidai wurin da ake son gani. Ni ma da zan raka shi ciki sai da na cire fil ɗin hijabina da awarwaro, na bar waya da katin banki da mukulli a waje. Ashe maganaɗisun nan ba a kashe shi, ko babu kowa a ciki yana nan da ƙarfinsa, almakashi ko tukunyar iskar numfashi ta ƙarfe in aka shiga da su fizge su yake yi kamar an harba.

Aka sa masa kanula a hannu, kafin in ƙirga goma ya yi laƙwas. Aka toshe masa kunnuwa, domin na'urar tana da ƙara kamar ana sassaƙa turmi a gefen injin markaɗe, aka ɗora masa wani abu kamar kwando a kai, gadon ya zame da shi ciki. Wallahi a lokacin sai na ga kamar kabari ake saka shi, na fita na jingina da bango ina kuka. Can tsakiyar aikin aka zuba masa wani ruwa ta kanular, sunansa gadoliniyam, wanda ke sa ƙari ya ƙara haske a hoto. Likitan barci yana tsaye kan numfashinsa da bugun zuciyarsa har aka gama. Bayan kamar sa'a ɗaya da fitowa Auta ya farka yana kiran Umma, ya shanye kokon nan da aka hana shi, babu yanka babu tabo.

Gani ya kori ji

Da sakamako ya fito likita ya ce ƙarin ya cika fiye da rabin ƙwayar idon, ganin wannan ido ya riga ya tafi, abin da ya fi shi ne a cire shi tun dajin bai fita ba. Baba ya miƙe tsaye ya ce, "Likita, ɗan nawa za a ƙwaƙule wa ido? Ba da ni ba." Dangi ma aka yi ca, wannan ya ce akwai mai magani a ƙauye kaza, wancan ya ce likitoci yanka kawai suka sani.

Likitan bai yi fushi ba, ya ce, "Alhaji, zo ka gani da idonka." Ya kunna kwamfuta, sai ga idanun Auta biyu kamar ƙwai a faranti. Na dama ciki fes, na hagu da wani dunƙule a ciki. Ya bi wani zare da ya fita daga bayan idon da bakin biro ya ce wannan ita ce jijiyar gani, ita ce hanyar da dajin ke bi zuwa ƙwaƙwalwa, kuma ga shi ya zo bakin ƙofa amma hoto bai nuna ya shiga ba. Bangon idon bai fashe ba, ƙwaƙwalwa lafiya lau. Ya ce yau ido ɗaya ake magana, in aka ƙara wasu watanni rai za a yi magana. Baba ya daɗe yana kallon zaren nan, sannan ya share fuska da hularsa ya ce, "Ina takardar? Kawo in sa hannu."

Aka yi aikin, aka kai idon ɗakin gwaje-gwaje, suka tabbatar da abin da hoto ya nuna. Bayan wurin ya warke aka sa masa idon roba mai kama da nasa. Shi kuma na daman aka yi ta duba shi a kai a kai. Likitan ya gaya mini wata magana da har yau take sukata, cewa ƙari in yana ƙarami akan iya kashe shi da hasken leza, ko a daskarar da shi, ko a yi allurar kashe daji, a bar wa yaro idonsa. Watanni huɗun nan da muka yi muna sa kwalli, Allah kaɗai ya san abin da suka ci.

Ba daji kaɗai take gani ba

A zaman layin asibiti na ga yara iri-iri da aka turo wannan hoto, na gane cewa kwarmin ido ɗan ƙaramin ɗaki ne mai kaya da yawa, ga tsokoki shida masu juya ido, ga kitse, ga jijiyoyi, ga jakar hawaye. Komai ya tsiro a ciki sai ya turo ido waje. Akwai dajin tsoka mai saurin girma cikin 'yan makonni. Akwai dajin Burkitt, wanda likita Denis Burkitt ya yi bayaninsa a Yuganda a 1958, yana yawan kama muƙamuƙi da kwarmin idon yara a ƙasashe masu zazzaɓin cizon sauro irin namu, kuma yana jin magani in an fara da wuri. Akwai ƙarin jijiyar gani, wanda aka fi samu ga yara masu faffaɗan tabo ruwan ƙasa a fata. Akwai kuma waɗanda ba daji ba ne sam, kamar 'yar jakar maiƙo da ake haifar yaro da ita a gefen gira, da curin jijiyoyin jini mai ja a fatar idon jariri, da ƙurjin da kan biyo bayan mura mai tsanani ya tara mugunya a bayan ido. Daga waje duk kumburi ne, hoton ne ke taimaka wa likita ya rarrabe. Shi ma farin tsakiyar ido ba kullum ne daji ba, yana iya zama yanar ido ko wata cutar jijiyoyin jini, amma duk cikinsu babu na zama a gida.

Maganar gado da maganar aure

Ana cikin haka sai labari ya isa gidan su wanda zan aura, wata gwaggonsa ta ce ai ciwon ido ne na gado a gidanmu, a sake tunani. Na kwana uku ban yi barcin kirki ba. Da ya zo zance na ce masa ni ba zan ɓoye komai ba, ya zo mu je ya ji daga bakin likita. Ya zo kuwa, tare da Yayana.

Likitan ya ce ciwon yana faruwa ne in wata ƙwayar halitta mai hana ƙari tsirowa ta lalace. Kowa yana da ita guda biyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba, kuma sai duka biyun sun lalace ciwon ke fitowa. Wani likita a Amurka, Alfred Knudson, shi ya yi hasashen haka a 1971, aka gano ƙwayar kanta a 1986. Kamar 60 cikin 100 na yaran a cikin idon kawai lalacewar ta faru, ba sa gadar wa kowa. Sauran 40 ɗin suna ɗauke da ita a duk jikinsu, su ne ciwon ya fi kama wa ido biyu, kuma kowane ɗa da suka haifa yana da rabin yiwuwar ya gada. Ko a cikin waɗannan ma, da yawa a kansu abin ya fara, iyayensu ba su da shi. Aka duba idon Baba da Umma da mu duka, ba a ga komai ba. Ya ce haɗarin da ke kan 'ya'yana kaɗan ne ƙwarai, amma in na haihu in sa a duba idon jaririn, shi kuma Auta in ya girma ya yi aure lallai a duba nasa 'ya'yan tun ranakun farko. Da muka fito sai mutumin naku ya ce, "Ni dama ba ido na zo aure ba, amma yanzu na samu abin da zan faɗa wa Gwaggo." An ɗaura aure, kuma da aka buɗe akwatin lefe, 'yan kunne da sarƙa ne a sama.

Roƙona gare ki

Ki dinga kallon idon ƙannenki da 'ya'yan yayyenki. In kin ga fari ko ruwan ɗorawa a tsakiyar baƙin ido, a hoto ko da magariba, ki sake ɗauka da wutar kyamara a ɗaki mai ɗan duhu, yaron yana kallonki sosai. Wani lokaci karkacewar kyamara ce kawai, amma in ido biyun suka ci gaba da fitowa da launi daban-daban, a tafi asibiti a makon nan. Haka in ido ya karkace, ko ya turo waje, ko ya kumbura ya yi ja ya ƙi jin magani. Akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, akwai Asibitin Ido na ECWA a Kano, akwai sashen ido a asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri. In manya sun ce ke yarinya ce, kada ki yi rashin kunya, ki nemi malama ko gwaggo ko wani da ake jin maganarsa ki nuna masa hoton. In kuma likita ya ce a yi hoton maganaɗisu, ki kwantar wa Umma da hankali, ki gaya mata ƙara ce kawai da shi, ba ya yanka ba ya ƙuna.

Auta yanzu yana makarantar firamare. Yana sa tabarau mai ƙwari don kare idonsa na dama, yana buga ƙwallo a ƙofar gida har sai an kira shi sallar magariba, kuma in bai faɗa miki ba ba za ki gane wanne ne na roba ba. Hoton daren kamun nan yana nan a wayata ban goge ba, duk mai jegon da na je wa barka sai na nuna mata. Ke ma in kin gama karantawa ki miƙa wa ƙawarki. Allah ya raya mana ƙannenmu da 'ya'yanmu cikin ƙoshin lafiya, amin.